Yayen Afra'u

Da aka tsai da ranar yaye Afra'u, abin da ya fara faɗo wa uwarta Sahura a rai shi ne kukan da yarinyar za ta yi. Afra'u in ta buɗe murya, sai maƙwabta sun leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya. Ga shi al'ada ta riga ta yanke: daga Dogon Dutsi za a kai ta Dumega wurin kakarta Iya Hannatu, mahaifiyar ubanta Rabilu, a bar ta can har ta manta da nono. Uwa ba ta zama, ba ta leƙe, sai an aiko mata.

Sahura tana da wata tsohuwar salula da ta daina amfani da ita. Ta ce to, ga abin rarrashi. Maƙwabciyarta Agathe, wadda ke koyar da ƙananan yara a makarantar jardan, ta ji wannan shiri ta ce, "Kawo in sa miki guda uku cikin waɗanda muke nuna ma yara. Waƙar ƙirga ce da ta dabbobi. Na kalle su daga hwarko har ƙarshe, ba komi ciki."

"Uku?" in ji Sahura, tana dariya. "Kin san ɗiyar nan kuwa? Kahin a sauke tukunya ta gama da su."

Mu dai a wurinmu abu mai kyau shi ne wanda aka cika har ya yi tozo, gero ne ko katin salula. Saboda haka Sahura ta yafa hijabi ta nufi tasha, rumfar Iro mai turi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da kokawa a cikin katin memuwar. Iro yana da ma'ajiya guda a na'urarsa da ya sa wa suna "yara". Duk abin da ya ga zane ne mai manyan idanu da launi, nan yake jefa shi. A wurin wasu masu turi ya kwaso, su ma a wurin wasu suka kwaso, kuma a duk jerin nan babu wanda ya taɓa zama ya kalli ko ɗaya.

"Desan anime, zanen nan na yara, Madam? Dakor. In cika shi?"

"Cika shi."

Ba za a ce Sahura ba ta duba ba. Ta duba, a tsaye, mota na yi mata ƙaho a baya. Ta buɗe wannan, agwagi na rawa. Ta buɗe wancan, wata uwa ce mai zagayayyar fuska tana ba jariri abinci da cokali, tana waƙa tana murmushi. Ta buɗe na uku, jirgi mai ido. Ko wanne ta ga farkonsa ta wuce, kamar mai ɗanɗana miya. Ta koma gida da jin cewa ta yi dabara.

Dabarar kuwa ta yi aiki. A Dumega, da suka gaisa suka ci abinci, aka zaunar da Afra'u a tabarma aka miƙa mata salula. Yarinya ta kafa ido. Sahura ta zare jiki ta bayan rumbu ta fita, ko juyowa Afra'u ba ta yi ba. A cikin mota uwar ta ɗan ji haushin haka, ta kuma ji daɗi.

Damina ce, kowa yana gona. Sahura tana gida ƙirjinta ya cika yana zogi, kunnenta yana jiyo kukan da babu shi. Afra'u 'yar fari ce, kuma duk wayewar 'yan birni, ba ta kai ga Sahura ta kira surukarta ta ce yaya 'yata ba. Sunan ma ba ta iya faɗa a gaban Iya Hannatu. Sai dai in Rabilu ya dawo daga shago ya buga waya, ita kuma ta yi kamar tana tsince shinkafa alhali kunnenta na can.

Da farko labari mai daɗi ne. Yarinya ta sha fura, ta ci tuwo, ba ta damun kowa, a ba ta salularta kawai a tafi gona. Daga baya aka ce tana firgita cikin barci. Sannan aka ce ta rage magana. Wata safiya Rabilu ya sauke waya daga kunne ya juyo wurinta.

"Iya ta ce mu taho. Mu biyu."

"Malam, ba ta da lahiya ne?"

"Ba ta ce ba."

Sahura ta so a ce zazzaɓi ne. Zazzaɓi yana da suna, yana da magani a likita. Duk tsawon hanya, motar tana faɗawa ramukan ruwa tana fita, ita addu'arta ke nan, Allah ya sa zazzaɓi ne.

Da hantsi suka isa. Gidan ya fi yadda ta zata cika: matan 'yan'uwan Rabilu ba su fita gona ba, ga kuma gwaggonsa, yayar mahaifinsa, zaune a kan turmi da carbi. Afra'u tana gindin rumfa jingine da Iya Hannatu. Ta rame, wuyanta ya fito, idanun sun yi girma.

Nan kunya ta gudu ta bar Sahura. Ta durƙusa a tsakar gida, ta buɗe hannuwa, ta saki murmushi har kunne, ta fara 'yar waƙar da take yi mata in za ta ba ta abinci.

Ƙarar da Afra'u ta yi ba irin wadda maƙwabta suka sani ba ce. Siririya ce, mai tsini, ta abin da ya ga mutuwa. Ta haye jikin kakarta tana yaƙushi, tana neman shigewa cikin zaninta, fitsari na bin ƙafafunta. Sahura ta matso, ƙarar ta ƙaru.

"Mama ci! Mama ci Afa! Kaka, Mama ci!"

Wata daga cikin matan ta jawo ɗanta ta mai da shi bayanta, a hankali, kamar ba da gangan ba. Sahura ta gani. Ta gane, don ita ma a ƙasar nan aka haife ta, ta san abin da ake nufi in marar lafiya ya kama sunan mutum ya ce zai ci shi.

Gwaggo ce ta fara magana. "Kun dai ji da kunnenku. Haka taka hwaɗi cikin kwana, haka taka hwaɗi da rana. Ɗiya ƙarama ba ta san ƙarya ba."

"Gwaggo, ɗiyata ce," in ji Sahura. "Ni na haihe ta."

"Wa ya ce ba ke kinka haihe ta ba? Ni dai tun ranar da anka zo da zancen aurenga na ce a bincika. Kakarki ta wajen uwa ba mutunniyar Lugu ba ce?"

Mutanen Lugu da maita babu abin da ya haɗa su, Gwaggo ma ta sani. Amma harshe in ya tashi neman hujja, duk abin da ya samu a hanya ɗauka yake. Ta ci gaba da cewa abin ba wuya: a shimfiɗa yarinyar a ƙasa, uwar ta tsallake ta a gaban jama'a, ta saki kurwar da ta kama, shi ke nan.

Sahura ta ga ramin da aka haƙa mata. In ta tsallake, ta amsa cewa ita mayya ce, kuma sunan zai bi ta ya bi Afra'u har jikoki, tun da an ce a nono ake sha. In ta ƙi, an ce ta ƙi sakin 'yarta. Ta juya wurin mijinta.

"Subhanallahi, Gwaggo, wannan jahilci ne," in ji Rabilu. Mutum ne mai zuwa karatu bayan magariba, ba ya wasa da irin waɗannan. "Ba mai tsallake kowa. Ruƙiyya za a yi mata."

Daidai ya faɗa. Sai dai duk maganar nan bai kalli Sahura ba ko sau ɗaya, kuma da ya gama ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma ke ki koma gida tukuna. Ganinki shina tada ta."

Iya Hannatu ba ta da mugunta. Tana jijjiga jikarta tana hawaye. "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ni ban ce komi ba. Amma yarinya tana nan wajena sai abin da Allah ya yi." Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ciro salular. "Ga wannan, hadari ya hana hwarantin sola ya ba ta wuta, ta mutu tun jiya. In kin kai tasha ki ba mai sharji, a aiko da ita. Ita kaɗai ka sa ta yin shiru."

Haka Sahura ta fita daga gidan, ba rakiya. Bayanta tana jin kukan yana raguwa da kowane taku da ta yi, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

A tashar Dumega mota ba ta tashi sai ta cika, ranar kuma ba kasuwa ba. Ta ba mai sharji salular ta zauna a benci kusa da rumfarsa. Sai ga tsoro na biyu ya zo, wanda ya fi na farko. An ce akwai masu maita da ba su san suna da ita ba. An ce cikin barci take fita. Sahura ta shiga tuno mafarkanta na kwanakin nan, tana bincikensu ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna yadda take cusa hanci a wuyan Afra'u tana cewa sai na cinye ki, yarinyar na ƙyalƙyala dariya. Wace uwa ce ba ta faɗin haka? To amma me ya sa take jin daɗin faɗa? Ta dubi hannuwanta a kan cinya kamar na wata. Ta ji tana tsoron kanta, kuma babu inda mutum zai gudu daga wannan.

Kewa ce ta sa ta tashi. Tana so ta ji ko da abin da 'yarta ke ji ne. Ta roƙi mai sharji ya kunna mata salular a jikin wayar wutar, ta tsuguna a gefen teburinsa. Da allon ya haskaka, abin da aka kalla na ƙarshe ya fito da kansa: uwar nan mai zagayayyar fuska da cokali.

Waƙar tana da daɗi. Uwa ta ɗebo abinci, jariri ya buɗe baki, uwa ta yi murmushi. Sahura ta kai inda ta tsaya ran nan a rumfar Iro, wannan karon ba motar da ke mata ƙaho, sai ta bar shi ya ci gaba. Cokali na biyu. Na uku jariri ya kau da kai, ya ƙi ci. Uwar ba ta daina waƙa ba, ba ta daina murmushi ba. Murmushin ne ya yi ta faɗi, ya wuce kumatu, ya kai kunnuwa. Idanun suka koma baƙi ƙirin. Bakin ya buɗe, haƙora jere bayan jere, dogaye, har cikin maƙogwaro. Ta ɗaga jaririn da hannu biyu yana kiran mama, ta sa shi ciki, ta rufe. Aka ji ƙarar tauna. Sannan fuskar ta koma zagayayya, waƙa ta dawo daga farko, ga wani jariri a kan kujera.

Sahura ba ta san ta yi ƙara ba sai da mai sharji ya ce, "Hajiya, lahiya?"

Ta buɗe na agwagi ta ja shi zuwa tsakiya. Lafiya lau, rawa ce har ƙarshe. Ta buɗe wani, uwa ce kuma, wannan da almakashi. Ta rufe. Ta tuna Iya tana cewa a ba ta salularta kawai a tafi gona. Ke nan yarinya ita kaɗai a ɗaki, an raba ta da nono, uwarta ta ɓace ba sallama, abin nan kuma yana zagayowa yana sake zagayowa, ita ba ta iya kashewa ba, ba ta iya kau da ido ba. Shirun da ake yaba mata ke nan.

Ta fizge salular daga wuta. Ba ta bi hanya ba, ta ratsa ta cikin gonakin gero, taɓo na kama mata takalma har ta bar ɗaya a can. Ta faɗa gidan ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Afra'u ta yi barci a ɗaka, manya suna rumfa ana ta shawara.

"Ku kalla," in ji ta. "Kar wanda ya ɗauke ido. Har ƙarshe."

Suka taru a kan ɗan allon. Da waƙar ta fara Iya Hannatu ta ce, "Ai wannan ita ta hi so, kullum ita nika ji." Da aka kai wurin tauna, matar da ta ɓoye ɗanta ɗazu ta yi salati ta ja da baya, carbin Gwaggo ya faɗi ƙasa.

"Ni da hannuna," in ji Iya Hannatu, ta dafe kai. "Ni nika miƙa mata in ja ƙoha. Idona ba shi gani sosai, waƙa kawai nika ji."

"Ni na kai anka cika shi, Iya. Ban kalla ba."

Rabilu ya karɓi salular ya ciro katin, ɗan abu kamar farce, ya jefa a murhu. Sai a lokacin ya kalli matarsa, kuma kunyar da ke fuskarsa ta ishe ta, ba ta nemi ya yi magana ba. Gwaggo ta tsinci carbinta ta kakkaɓe, ta ce ita dai duk da haka a yi addu'a, don ba a san wanda ya zana wannan abu ba. A nan kam ba wanda ya yi mata musu.

Iya Hannatu ta ce, "Tashi ki ɗauki ɗiyarki."

Sahura ta ɗauka an gama. Manya sun gani, sun gamsu, sunanta ya wanku. Ta shiga ɗaki da sauri, Afra'u ta buɗe ido, uwar ta yi mata murmushi don ta kwantar mata da hankali. Ƙarar nan ta sake tashi, yarinyar ta rarrafa ta shige bayan randa tana kiran Kaka. Ita ba a yi taron da ita ba. Ba wanda zai zaunar da 'yar shekara biyu ya ce mata zane ne, ƙarya ne, an ƙone shi.

Sahura ta fito ta zauna a ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta daɗe kafin ta gane. A wurin Afra'u murmushi ne ke fara zuwa, sai waƙa, sai haƙora. Duk abin da uwa ke yi don ta jawo ɗanta, shi ne yanzu alamar a gudu.

Ba ta koma Dogon Dutsi ba. Rabilu ya tafi shi kaɗai saboda shago. Ita ta zauna a gidan surukai, ta koyi abin da bai taɓa zama dole ta koya ba: rufe baki. Ba waƙa, ba dariya, ba kiran yarinya. In za ta ci abinci sai ta juya wa tsakar gida baya. In wani ya yi abin dariya ta sa gefen hijabi ta toshe. Da safe in an watse gona, sai ta shimfiɗa tabarma nesa da rumfa ta zauna a karkace tana tsinke zogale, ba ta kallon inda Afra'u take, alhali duk jikinta ido ne. Tsoronta yanzu guda ne, kada yarinyar ta girma da wannan, ta manta dalili amma jikinta ya riƙe.

Da farko Afra'u ba ta fitowa in uwar na waje. Daga baya ta fara fitowa riƙe da zanin Kaka. Iya Hannatu ta ɗinka mata 'yar tsana da tsumma, tana yi mata tatsuniyoyi marasa dodo, abin da ya ba tsohuwa wahala don nata duk da dodo ta gaje su. Salula kuwa ko ta Rabilu aka ciro in ya zo, sai an fita zaure.

Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Iya ta shiga ɗaki salla. Sahura tana kan tabarmarta da faifan zogale. Ta ji takun ƙananan ƙafafu a jiƙaƙƙen yashi, ya tsaya, ya sake tahowa. Ba ta ɗaga kai ba. Inuwa ta faɗo a kan faifan.

Yatsu masu sanyi, masu ƙanshin fura, suka taɓa mata haɓa. Suka hau leɓe. Suka ja na ƙasa. Sahura ta gane abin da ake so, ta saki muƙamuƙinta a hankali ta buɗe baki kaɗan. Afra'u ta sunkuyo ta leƙa, jikinta a ɗaure, ƙafa ɗaya ta riga ta juya wajen gudu. Ta sa yatsa ta taɓa haƙoran gaba. Ta taɓa na gefe. Ta karkata kai ta duba can ciki, inda sauran jerin ya kamata su kasance. Ta daɗe tana dubawa.

Murmushi ya taso wa Sahura tare da kuka, ta danne su duka biyu.

Afra'u ta tura haɓar sama ta rufe bakin. Ta ɗora tafin hannunta a kai ta danne sosai. Sannan, ba tare da ta ɗauke hannun ba, ta juya ta zauna a cinyar uwarta, a bakin gwiwa, inda sauka ba wuya.

Sahura ta ci gaba da numfashi ta hanci. Hannun ya gaji ya fara zamewa, yarinyar ta gyara shi ta sake dannewa, uwar kuma ba ta motsa ba.